Sauka a Alƙahira: Makonnin Farko na Mai Koyon Aiki

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da iyaye a garin Gagarawa

 

 

Masu shirya wannan taro sun ce in yi magana a kan karatu a ƙasar waje. Na roƙe su su bar ni in tsaya a kan ɗan yanki guda, wato makonnin farko na ɗalibin da aka tura babban birni ya koyi aiki da hannunsa, musamman aikin asibiti. Yadda ake samun gurbi dai kowa yana maganarsa, ranar dawowa da kwalin digiri ma ba a rasa masu ɗaukar hoto. Amma tsakanin saukar jirgi da ranar da yaro zai fara tsayawa a gefen gadon majinyaci akwai wani rata da ba a cika waiwaya ba. A nan ne kuwa na ga yara masu ƙoƙari sun yi asarar shekara ba tare da sun faɗi jarrabawa ko ɗaya ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙarancin likitoci bai rabu da mu ba, shi ya sa gwamnatoci suka riƙa tura yara waje. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar an kai wasu birnin Shenyang na ƙasar Sin, wasu kuma Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, kowa ya ga yadda aka kwaso ɗaliban Najeriya a motocin bas, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a bar su su shiga, aka ɗebo su ta Aswan zuwa Abuja. Daga baya sunayen Saifrus da Indiya suka shigo bakinmu a matsayin wuraren tura ɗalibai. Ban da na gwamnati, akwai waɗanda mahaifi ya sayar da shanu ko amfanin riɗi ya tura. Ni zan yi misali da Alƙahira, don ita na sani, kuma abin da zan faɗa a kanta zai yi wa mai zuwa Shenyang ko Dilli amfani in ya sauya sunaye.

Hanyar Alƙahira tsohuwa ce a wurinmu. Tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohon birnin Fusɗaɗ don ɗalibansu da alhazansu su sami wurin sauka, kuma a cikin masallacin Azhar an daɗe da ware wa Barebari nasu ɓangaren kwana. Mu mutanen Lautai, wato ƙasar Gumel, da tarihinmu ya ɗaure da Barno, wannan labarin gidanmu ne. Sannan akwai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillatanin Katsina, masanin lissafi, wanda Larabawa suke kira Alkashnawi. Ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana rubutu, ya rasu a can a 1741. Abin da nake so ku riƙe a labarinsa shi ne inda ya rasu: a gidan Shehu Hasan Aljabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman birnin, mahaifin marubucin tarihin Masar ɗin nan Abdurrahman Aljabarti. Bakatsine ya je garin da ba nasa ba, ya sami mai masauki ɗan gari, ya shiga cikin malaman garin har aka rubuta shi a tarihinsu.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san wannan tsari. Baƙon da ya koro shanu daga Damagaram ba ya faɗawa kara kai tsaye. Fatoma yake nema tukuna, wanda zai ba shi wurin kwana, ya gaya masa farashin makon jiya, ya nuna masa dillalin da za a iya amincewa da shi. Fatoman kirki kuma ba ya kulle baƙonsa a zaure, kasuwa yake kai shi, don ciniki ya kawo shi. Ku ajiye wannan a ranku, za ku ga inda zai yi mana amfani.

Tafiyar da kakanninmu suke yi wata da watanni, yau daga filin jirgin Malam Aminu Kano awa huɗu ce da 'yan kai. Saurin yana da nasa sharrin, domin jiki yana isa hankali bai iso ba. Kafin ka tashi ka tabbata katin rigakafin shawara yana cikin fasfo, kuma ka san wanda zai tarye ka, da lambar wayarsa a rubuce a takarda, don waya tana mutuwa. Kada ka karɓi saƙon kowa. Ko ƙunshin kilishi ne, in ba a gabanka aka ɗaure ba, ka ba da haƙuri. Ba ku manta ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan an maƙala sunanta a jakar da ba tata ba mai ɗauke da ƙwayoyi, sai a 2019 gaskiya ta fito aka sake ta. Masar ma ba ta wasa da maganar tiramadol. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba ka, lissafin ya zo daidai.

Daren farko ba za ka yi barci ba. Alƙahira da kewayenta mutum sama da miliyan 20 ne, hon ɗin mota ba ya yankewa, ƙarfe biyun dare za ka leƙa ta taga ka ga mata da yara suna sayen burodi. Wanda ya saba gari ya yi tsit bayan sallar isha'i zai ji kamar an jefa shi cikin injin niƙa. Wannan yana wucewa da kansa, ba sai mun ɓata lokaci a kai ba.

Abin da ba ya wucewa da kansa shi ne gida da takarda. Ɗaliban Azhar da suka sami tallafi suna da masauki a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya. Saura haya suke kamawa, kuma yawancin 'yan Najeriya Madinatu Nasr suke nufa, musamman Hayyul Ashir. A can za ka haɗu da mutum biyu da dole ka iya zama da su. Na farko simsar, dillalin gidaje, wanda yake jin ƙanshin sabon zuwa tun daga nesa. Kada ka je wurinsa kai kaɗai, kada ka ba da kuɗin ajiya sai an rubuta yarjejeniya, kuma ka nemi wanda ya iya karanta Larabcin takarda ya karanta maka ita layi-layi. Haya ta yi tsada sosai tun da yaƙi ya koro Sudaniyawa masu yawa birnin, saboda haka farashin da wanda ya dawo shekara biyar da suka wuce zai gaya maka ya zama labari. Na biyu bawwab, mai gadin benen. Mutumin nan yawanci daga ƙauyukan kudancin Masar yake, talaka ne, amma ya san kowa da komai a layin. Ka gaishe shi da safe kamar yadda za ka gai da dattijon unguwarku, ka ba shi ɗan abin da aka saba duk wata. Ranar da famfo zai fashe ko wuta ta lalace za ka san darajarsa, kuma shi ne malaminka na farko a harshen titi.

Wani abu ɗaya game da gida, iyaye mata ku saurara da kyau. Sanyin Alƙahira daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi hunturunmu naci, kuma benayen ba a gina su don riƙe ɗumi ba. Ana dumama ruwan wanka da na'ura mai aiki da gas, kuma duk shekara ana samun waɗanda suka rufe banɗaki ruf, iskar gas ɗin ta shaƙe su, ba wari ba hayaƙi. A bar taga a ɗan buɗe. A sayi bargo da rigar sanyi tun kafin sanyin ya sauka.

Sai iƙama, takardar izinin zama. Da can a babban ginin Mujamma' da ke dandalin Tahrir ake yin ta, daga 2019 aka mayar da ofishin Abbasiyya. Ana son sammako, da hotuna, da kwafin fasfo fiye da yadda kake zato, da takardar makaranta mai hatimin mikiya, don a Masar takardar da ba ta da wannan hatimi ba ta cika takarda ba. Za a ce ka dawo gobe. Ka dawo goben, fuska a sake. Fushi ba ya sa a buga hatimi da wuri, sannu da aiki da Larabcin gari kuwa takan yi. Ka rubuta ranar ƙarewar iƙamarka a bangon ɗaki, ka fara neman sabuntawa tun da sauran lokaci, ka riƙa yawo da kwafinta a aljihu. A shekarun nan hukumomi sun tsaurara bincike, kuma wanda aka kama ba takarda ba a tambayarsa maki nawa ya ci. Ka kuma je ofishin jakadancin Najeriya da ke Zamalik ka rubuta sunanka. Abin da ya faru a Khartum ya koya mana amfanin a san kana gari.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na karɓi wannan gayyata. Hayyul Ashir rahama ce ga sabon zuwa. Za ka sauka ka tarar da 'yan'uwa, a tuƙa maka tuwo da miyar kukar da wani ya zo da ita daga gida, a yi hira da Hausa har dare, ranar Juma'a a haɗu a masallaci ɗaya. Babu wanda ya isa ya raina wannan, ni ma na ci moriyarsa. Amma na ga mutanen da suka shekara uku, huɗu, ba su fita daga cikin wannan da'ira ba. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, kallon ƙwallo da finafinan gida a waya, abokin hira Bahaushe, mai aski Bahaushe. Fasfonsu ya nuna suna Masar, amma ko tumatir za su saya sai sun nuna da yatsa. Wanda ya je karatun littafi kawai yana iya lallaɓawa a haka ya ci jarrabawa. Mai koyon aiki ba zai iya ba, domin abin da ya je nema yana hannun 'yan gari, a bakinsu yake, kuma ba sa kawo shi ɗaki. 'Yan'uwan da suka tarye ka su ne fatomanka. Ka ci tuwonsu ka gode, gari na wayewa ka ce su nuna maka hanyar asibiti.

Harshe ne ƙofar farko. Da yawa daga cikinku sun yi Islamiyya, wasu ma sun haddace Alƙur'ani, suna ganin Larabci ba zai ba su wahala ba. Zai ba ku. A kwalejojin likitanci na Masar da Turanci ake karatu, amma majinyaci ba ya Turanci, kuma ba ya Larabcin littafi. Tsohuwar da ta zo daga ƙauyen Fayyum tana riƙe da ciki za ta yi maka bayani da Ammiyya, wato Larabcin gari, da sauri, tana haɗawa da rantsuwa da addu'a, jim ta koma ga, ƙaf ta ɓace gaba ɗaya. In ka amsa mata da Larabcin nahawu za ta dube ka da girmamawa kamar limami, ta juya ta nemi wani likitan. Rabin aikin likita kuwa sauraro ne: yaushe ya fara, ina yake maka ciwo, me ka sha kafin ka zo. Wanda ba ya iya ɗaukar wannan bayani da kansa, ɗan kallo ne sanye da farar riga. Maganinsa ɗan littafi a aljihu. Duk abin da ka ji majinyaci ya faɗa ba ka gane ba ka rubuta, ka tambayi nas idan ta sami sarari. Za su yi maka dariya in ka karya harshe, Masarawa mutane ne masu son barkwanci, ko kansu ba su bari ba. Ka taya su dariyar. Cikin wata uku za ka ji kunnenka ya buɗe.

Asibitocin koyarwa na birnin manya ne, kuma suna da tarihi. Makarantar likitanci ta Ƙasrul Aini likitan Faransa Kulot Bek ne ya kafa ta a 1827 a Abu Za'abal, zamanin Muhammadu Ali Basha, aka dawo da ita wurin da take yanzu a bakin kogin Nilu a 1837. Jami'ar Ain Shams tana da Dimirdash, Azhar tana da asibitin Husaini da na Sayyid Jalal, ɓangaren mata kuma yana da Zahra'u. Lokacin koyon aiki bayan gama karatu shi suke kira imtiyaz, da shekara ɗaya ne, amma ga waɗanda suka shiga daga 2018 tsarin ya koma shekara biyar karatu, biyu koyon aiki. Majinyata sun yi yawa, masu koyo ma sun yi yawa, kuma ga gaskiyar da ba a rubuta a takardar gayyata: babu wanda zai neme ka. Kana iya zuwa da safe ka sa hannu a rajista ka sulale, ba mai cewa ina wane. Baƙo ma ya fi kowa sauƙin ɓacewa, don ana ɗauka ba ya jin magana, sai a ƙyale shi. Wasu suna ganin wannan gata ne, alhali shi ne ramin da shekara take faɗawa.

Hannu da dare yake koyo. Ka nemi aikin kwana a sashen gaggawa, lokacin da farfesoshi suka tafi gida, aka bar na'ib, wato likitan da ke neman ƙwarewa, shi kaɗai da layin mutane har waje. Mutumin nan a gajiye yake, yana neman hannu. Ka tsaya kusa da shi, ka kai jini ɗakin gwaji, ka tura gado, ka kawo masa shayi in ta kama. A dare na uku ko na huɗu zai miƙo maka allura ya ce sa wa wancan ruwa. Daga nan sai robar fitsari, sai ɗinkin rauni, wata rana ka tsinci kanka kana karɓar haihuwa yana tsaye a bayanka. Manyan nas kuma ku girmama su. Wata ta shekara 20 tana neman jijiya a hannun jarirai, abin da za ta nuna maka cikin minti biyar ba ya cikin kowane littafi. Ɗan sarki ne kai a gida ko ɗan malam, a can sunanka sabon zuwa.

Akwai darasin da Masar za ta ba ka wanda ya wuce na gefen gado. A Ƙasrul Aini ne likitan Jamus Tiyodo Bilhaz ya gano tsutsar tsargiya a 1851, cutar nan da yaranmu na bakin fadamun Haɗeja suke fitsarin jini saboda ita. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 gwamnatin Masar ta yi gangamin yi wa mutanen karkara allurar maganinta, ana amfani da sirinjin gilas ɗaya ga mutane da yawa ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. An rage tsargiya, amma aka yaɗa ciwon hanta nau'in C har ƙasar ta zama kan gaba a duniya. A 2018 suka ƙaddamar da babban gangami, suka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni, suka ba waɗanda aka samu da cutar magani kyauta, wanda a ƙasar ake haɗa shi. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar da ba ta taɓa ba wata ƙasa ba a kan yaƙi da wannan ciwo. Duk wanda ya san yadda ake allura a bayan kanti a ƙauyukanmu, da askar wanzami ɗaya a kan yara goma, ya san wannan labari da mu yake.

Sai dai ku lura da ɗaya gefen. A Oktoban 2024 hukumar ta tabbatar Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Ma'ana kana iya gama koyon aikinka kaf ba ka ga yaro ko ɗaya da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yana suma ba, abin da yake cika gadajen babban asibitin Gumel daga Agusta zuwa Oktoba. Sikila ba ta kai yawan tamu ba. Tamowa irin wadda muke gani kafin kaka, sanƙarau lokacin zafi, saran maciji a gona, matar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a ɗauko ta a amalanke, irin waɗanda suke ƙarewa a sashen yoyon fitsari na asibitin Jahun, duk ba za su zo maka a Alƙahira yadda za su zo maka a nan ba. A can kuma gwaji da hoto suna kusa. A nan sau da yawa idonka da hannunka da abin sauraron ƙirji su ne ɗakin gwajin. Saboda haka in an sami hutu aka zo gida, kada a ƙare shi a ziyarar dangi da ɗaurin aure. A nemi izini a riƙa shiga asibitin Gumel, ko na Rashid Shekoni a Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu. Wannan zai taimaka har a jarrabawar da hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, take yi wa duk wanda ya yi karatu a waje kafin ta ba shi lasisi, jarrabawar da take kayar da mutane da yawa. Kuma tun kafin a biya ko sisi a tabbatar hukumar ta amince da makarantar da za a je.

Zirga-zirga ba ta da wuya in an gane ta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a Afirka, kuma ya fi komai sauri da araha. Mai zuwa Ƙasrul Aini ya sauka a Sayyida Zainab, Dimirdash kuma tana da tasha mai sunanta. Akwai tarago na mata zalla a tsakiyar jirgin, ƙannena mata ku riƙe wannan, ku kuma maza ku kula kada ku faɗa ciki da gudu. Lahadi ranar aiki ce, hutu Juma'a ne. Abinci kuwa ba zai ba ɗan Gagarawa mamaki sosai ba. Zoɓon da muke nomawa shi ne karkadensu, riɗinmu shi suke niƙawa su yi ɗahina, mulukiyyar da suke alfahari da ita lalo ce, ɗa'amiyya kuma 'yar'uwar ƙosai ce da aka yi da wani irin wake. Ful, wato dafaffen wake, da safe, kushari, wato haɗin shinkafa da taliya, da rana, ɗalibi ya rayu. Daddawa da kuka da yaji ne kawai za ka yi guzuri.

Ba zan ɓoye muku ba, za ku ji maganar da ba ta da daɗi a kan launin fata. Yara a titi za su kira ku da sunaye, wani majinyacin zai ce shi ba baƙin likita zai duba shi ba. Yana da ciwo, musamman daga bakin wanda kuka yi sahu ɗaya da shi a masallaci. Ban ce ku saba da shi ba, amma kada ku biye wa na titi, don in rigima ta kai ofishin 'yan sanda baƙo ne a ƙasa. Na cikin asibiti kuwa a gaya wa na gaba da kai cikin natsuwa. Kuma kada wannan ya rufe muku ido daga sauran mutanen garin, waɗanda da azumi za su shimfiɗa tebura a titi su jawo hannunka dole sai ka sha ruwa da su. Siyasar ƙasar kuma ba taku ba ce, a baki ko a Facebook, kuma kada a ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko ginin gwamnati.

Iyayena, saura ku. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500. A Masar ma ranar 6 ga Maris, 2024, fam ɗinsu ya faɗi daga kusan 31 a dala zuwa kusan 50, kaya suka tashi. Yaron da ke can wuta biyu yake sha. A shekarar ce kuma muka ji koken ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura ƙasashe irin su Maroko da Rasha, sun yi watanni ba a biya su alawus ba. Mai gidan haya a Alƙahira bai san ana jiran sa hannun wani a Dutse ko Abuja ba, ranar ɗaya ga wata yake ƙwanƙwasa ƙofa. Duk hukumar da za ta tura yaro, kuɗin wata ukun farko ya kamata ya riga shi sauka. Ku kuma a gida, don Allah a daina ɗaukar wanda ya hau jirgi a matsayin wanda ya samu. Koyon aiki yake, ba albashi yake ɗauka ba. Yaro yana cin ful sau biyu a rana, sai ga waya daga gida wai za a yi bikin ƙanwarsa a ga abin da zai turo. Kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba, sai ya bar asibiti ya shiga dakon kayan 'yan kasuwa masu zuwa sarin abaya da masu zuwa jinya, yana yi musu tafinta ana ba shi na cefane. Da yawa a nan karatunsu ya karkace. In kun kira shi, ku tambaye shi me ya koya a makon nan, wa ya duba, wane ne abokinsa a cikin 'yan gari. In kuka ji muryarsa ta canza, ya daina fita, kullum yana kwance, ku nemi wani babba a cikin ɗalibai ya leƙa shi, don kewar gida takan zama ciwo na gaske.

Abu na ƙarshe na masu shirin dawowa ne, amma tun ranar farko ake fara shi. Kowane sashe ka gama, na yara ko na mata ko na tiyata, ka sa shugaban sashen ya sa hannu a littafin aikinka kafin ka wuce na gaba, don bayan wata shida ba zai tuna fuskarka ba. Takardun kammalawa kuma sai sun bi ta jami'a, sun bi ta ma'aikatar harkokin wajen Masar, sannan ofishin jakadancinmu ya buga nasa hatimin. Wannan zagaye yana cin makonni. Kada ka yanki tikitin dawowa sai takardun suna hannunka, domin aika wani ya bi maka su daga Gagarawa ya fi zaman jiran tsada.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, kuma la'asar ta gabato. Ranka ya daɗe, a nan zan dakata. Masu tambaya, bismillah, a fara da ɓangaren mata.